Kambas Ruwan Hoda a Ƙafar Namiji: Ina Ƙarfinsa Ya Tsaya?

A watan Nuwamba na 2008, Arsenal ta karɓi baƙuncin Dynamo Kyiv a gasar Zakarun Turai. Nicklas Bendtner, ɗan ƙasar Denmark, ya taka leda da takalmin Nike ruwan hoda, ƙirar Mercurial, kuma shi ya jefa ƙwallo ɗaya tilo da aka ci, ana dab da tashi. Washegari takalmin ya sha surutu a jaridun Ingila kamar yadda ƙwallon ta sha. Yau kuwa, ka kunna kowane wasa na Firimiya, da wuya ka rasa 'yan wasan da ke sanye da irin wannan launi, kuma ko mai sharhi ba ya tsayawa a kai. Cikin shekara goma sha 'yan kai abin da ya zama labari ya koma ba komai ba.

Daga nan ne wasu ke cewa namijin da ya saka kambas ruwan hoda yana rusa tsohon tunani game da mazantaka. Ni dai ina ganin an ɗora wa takalmin kayan da ya fi ƙarfinsa. Abin da yake iyawa shi ne ya tono abin da ke zuciyar mai kallo, ya fito da shi fili. Gyara wannan zuciya kuwa aikin mutane ne, kuma akwai hanyar da aka gwada ta yi aiki.

A fara da launin kansa. Dokar nan ta “ruwan hoda na mata, shuɗi na maza” ba ta da tsufan da ake zato, ko a inda aka ƙirƙiro ta. Har zuwa farkon ƙarni na 20, jarirai a Amurka, maza da mata, farar riga ake saka musu, domin ita ake iya dafawa a wanke ba tare da ta lalace ba. Da launuka suka fara shigowa, ba a ma daidaita a kan wanne ne na wa ba. A watan Yuni na 1918, wata mujallar 'yan kasuwar kayan jarirai mai suna Earnshaw's Infants' Department ta rubuta cewa ruwan hoda ya fi dacewa da ɗa namiji saboda launi ne mai ƙarfi, shuɗi kuma na 'ya mace saboda sanyinsa. A 1927 mujallar Time ta buga jadawalin shawarar manyan kantuna, inda Filene's na Boston da Marshall Field na Chicago suka ba yara maza ruwan hoda. Sai bayan Yaƙin Duniya na Biyu abin ya karkata ɗaya gefen. Rigar ruwan hoda da Mamie Eisenhower ta saka a bikin rantsar da mijinta a matsayin shugaban Amurka a 1953 ta taimaka wajen manna launin a jikin mata. Masaniyar tarihin sutura Jo Paoletti ta Jami'ar Maryland ta nuna cewa rabuwar ta ƙara tsauri a shekarun 1980, lokacin da hoton ciki ya ba iyaye damar sanin jinsin jariri kafin haihuwa. Kamfanoni suka ga kasuwa: idan kayan Yaya mace ba za su yi wa ƙaninta ba saboda launi, dole a sayi sababbi.

A wajen Amurka ma, maza sun daɗe da launin. Juventus da rigar ruwan hoda ta fara, sai a 1903 ta koma baƙi da fari. Ƙungiyar Palermo ta Italiya tana saka ruwan hoda da baƙi tun 1907. A tseren keke na Giro d'Italia, wanda ke kan gaba shi ke saka riga ruwan hoda tun 1931, saboda jaridar da ta kafa tseren, La Gazzetta dello Sport, a kan takarda mai wannan launi ake buga ta. A jihar Rajasthan ta Indiya dattijo mai gashin baki yana naɗa rawani ruwan hoda ya je biki.

Binciken da Vanessa LoBue da Judy DeLoache suka wallafa a 2011 ya nuna lokacin da yaro ke koyon dokar. Sun riƙa miƙa wa yara, daga 'yan wata bakwai zuwa 'yan shekara biyar, abubuwa biyu iri ɗaya masu launi daban, ɗaya ruwan hoda. Kafin shekara biyu babu bambanci tsakanin maza da mata. Daga wajen shekara biyu zuwa biyu da rabi, 'yan mata suka fara zaɓar ruwan hoda, yara maza kuma suka fara guje masa. Wato daidai lokacin da yaro ke gane cewa shi namiji ne, yake kuma lura da abin da manya ke yaba masa da abin da suke yi masa dariya a kai.

To me ya sa takalmi, wanda bai wuce tafin ƙafa ba, yake tayar wa wasu maza da hankali haka? Masana halayyar ɗan'adam Joseph Vandello da Jennifer Bosson sun yi bayani a 2008 da nake ganin ya dace da abin da ido ke gani. A al'ummomi da yawa, ana ɗaukar zama mace abu ne da ke zuwa da kansa idan yarinya ta girma, amma zama namiji matsayi ne da sai an nema, kuma jama'a na iya ƙwace shi a kowane lokaci. Shi ya sa ake cewa yaro “ka zama namiji mana”, alhali da jinsinsa aka haife shi. Wanda ke jin ana iya ƙwace masa matsayi kullum a tsorace yake, kuma hanya mafi sauƙi ta nuna wa majalisa cewa shi yana ciki ita ce ya nuna wani da yatsa ya ce wancan ba ya ciki. Mai ruwan hodan takalmi ya zama abin nunawa.

Hukumomi ma sun san da wannan tsoro, har sun mayar da shi makami. Joe Arpaio, wanda ya shugabanci 'yan sandan gundumar Maricopa a jihar Arizona ta Amurka daga 1993 zuwa ƙarshen 2016, ya tilasta wa fursunoni maza saka kamfai ruwan hoda. Ya ce don hana satar fararen ne, amma mutane da yawa sun ɗauke shi a matsayin wulaƙanci da gangan. A Jami'ar Iowa, koci Hayden Fry ya sa an shafa wa ɗakin canza kaya na baƙin ƙungiya fenti ruwan hoda, Norwich City ta Ingila ma ta yi haka a 2018. A 2007 wani sashe na 'yan sandan Bangkok ya sanar cewa jami'in da ya yi ƙaramin laifi, kamar makara, zai ɗaura ƙyalle ruwan hoda mai hoton kyanwar zane ta yara, Hello Kitty, a damtse. Mafi muni shi ne abin da ya faru a sansanonin 'yan Nazi, inda aka liƙa wa mazan da aka kama da zargin luwaɗi alama mai kusurwa uku ruwan hoda. Ban da na ƙarshen, wanda zalunci ne na kisa, duk sauran sun dogara ne a kan tunani guda: cewa a kamanta namiji da mace ƙasƙanci ne. Wannan shi ne ainihin ciwon, kuma mata ya fara yi wa rauni kafin maza. Wanda ya zagi namiji da cewa ya saka kayan mata, ya riga ya faɗi matsayin da ya ajiye mahaifiyarsa da 'yarsa.

Nan ne kuma nake da ja da masu murna da wuri. Gaskiya ne Messi ya koma Inter Miami a 2023 ya saka ruwan hoda, yara maza a ko'ina suka nemi rigar. Gaskiya ne Jamus ta je gasar Turai ta 2024 da rigar waje mai ruwan hoda da shunayya, aka yi ta gunaguni da farko, daga baya ta yi kasuwa sosai. Ɗan wasan ƙwallon kwando Kevin Durant yana da jerin takalma ruwan hoda da Nike ke fitarwa da sunan Aunt Pearl, don tunawa da gwaggonsa da cutar daji ta kashe. Ɗan wasan kurket A. B. de Villiers na Afirka ta Kudu yana sanye da ruwan hoda daga sama har ƙasa, a wasan tallafa wa masu kansar mama a Johannesburg a Janairun 2015, ya ci maki 100 cikin jifa 31, abin da ya kafa tarihi a wasan kurket. Amma duba su duka. Kowannensu yana da garkuwa: ko suna, ko ƙarfin jiki, ko dalilin jinƙai da zai nuna idan an tambaya. Ba wanda zai ce wa Messi ba namiji ba ne. Shi ya sa taken nan na 'yan talla, wai “sai namijin gaske ke iya saka ruwan hoda”, bai gamsar da ni ba. Ma'anarsa ita ce launin har yanzu abin kunya ne, sai dai wanda ya tara mazantaka da yawa zai iya ɗaukar asarar. Yaro siriri mai sanyin murya da ke aji uku na sakandare ba shi da wannan jarin, kuma shi ne ake tarewa a bayan aji.

Abin da ya faru a Nova Scotia ta Kanada a watan Satumba na 2007 ya fi koyar da mu. Wani yaro ɗan aji tara a makarantar Central Kings ya zo ranar farko da riga ruwan hoda, wasu suka zage shi suka yi masa barazanar duka. Ɗalibai biyu na ajin ƙarshe, David Shepherd da Travis Price, suka je kanti mai araha suka sayi riguna 50 masu wannan launi, suka aika wa abokansu saƙo da daddare, da safe suka tsaya suna rabawa. Ɗaruruwan ɗalibai suka zo da ruwan hoda, wasu da nasu na gida. Daga nan aka samu ranar saka ruwan hoda don yaƙi da cin zali, wadda ake yi a Kanada ranar Larabar ƙarshe ta Fabrairu. A lura da yadda abin ya yi aiki. Ba yaron aka ce ya jure ba, ba kuma shi aka ce ya canza riga ba. Manya ne a cikin ɗaliban, waɗanda ake jin maganarsu, suka shigo da yawa kuma da wuri, kafin zagin ya zama sunan da zai bi yaron. Malami ko uba da ya ga irin wannan zai iya ɗaukar darasi kai tsaye: a yi magana da mai zagin a keɓe ranar da abin ya faru, a nemo ɗalibai biyu ko uku masu faɗa a ji su tsaya tare da yaron, kuma kada a fara da ƙwace takalmin, domin yin haka tabbatar wa masu zagin ne cewa su ke da gaskiya. Idan dokar makaranta ta ce baƙin takalmi kawai, wannan magana ce daban, sai a bi doka a kan kowa.

A ƙasar Hausa lamarin yana da wani salo. Ka shiga Kantin Kwari gab da Sallah, za ka ga maza suna yankar shadda ruwan hoda, mai haske da mai duhu, abokan ango suna fitar da ita anko, ana ɗinka babbar riga a yi mata aiki, a ɗora hula zanna mai zaren da ya dace. Dattawa suna saka kwalli, suna shafa turare mai ƙamshin fure. Ba wanda ke ɗaga gira. Amma saurayi ya saka wannan launi a kambas da wandon jins, sai ka ji wani ya jefo kalmar ɗan daudu. Launi ɗaya ne, mutum ɗaya ne. Bambancin shi ne kambas kayan waje ne, kuma ya shigo tare da dokar launi ta ƙasashen da ya fito, wadda muka gani a finafinai da kayan jarirai na kanti muka ɗauka kamar tamu ce.

Akwai mai tambaya da zuciya ɗaya ta fuskar addini, kuma ya cancanci amsa ta mutunci. Hadisin Ibn Abbas da ke cikin Bukhari ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya la'anci maza masu kamanta kansu da mata da mata masu kamanta kansu da maza. Alharini da zinariya haramun ne ga maza. Akwai kuma hani a Sahihu Muslim game da tufafin da aka rina da usfur, wani tsiro mai ba da rini ja-ja, sannan akwai ruwayar Bara'u ɗan Azib cewa ya ga Annabi (SAW) cikin jajayen tufafi, shi ya sa malamai suka yi saɓani a kan ja tsantsa. Game da abin da ake kira suturar mata kuwa, malamai da yawa suna mayar da shi ga al'adar wuri da zamani, da kuma ƙirar kayan. Takalmin da aka ƙera wa maza, a garin da maza ke saka shadda mai launin, ba daidai yake da takalmin amarya mai tsini ba. Wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tambayi malamin da ya yarda da shi, ya bar abin idan ya so. Abin da babu saɓani a kansa shi ne haramcin izgili da jifan juna da miyagun laƙabi, wanda aya ta 11 ta Suratul Hujurat ta faɗa ƙarara.

Wanda ya yanke shawarar saye kuma, akwai abubuwan da ya kamata ya sani, domin yawancin matsalar da ake samu ba daga bakin mutane take zuwa ba, daga takalmin ne. Kamfanoni sun fi fitar da ruwan hoda a layin mata, don haka da yawa daga waɗanda ake gani a kasuwa, musamman a gwanjo irin na Ƙofar Wambai, ƙirar mata ne. Ka ɗaga harshen takalmin ka karanta lambar. A ma'aunin Amurka, lambar mata ta fi ta maza da kusan ɗaya da rabi: mai saka 9 na maza, 10.5 zai nema a na mata. Lambar Turai, wadda muka fi sabawa da ita, irin su 42 da 43, ba ta cika canzawa tsakanin jinsi ba, ita ce abin dogaro. Sai faɗi. Takalmin maza na yau da kullum faɗinsa D ne, na mata B, wanda ya fi ƙunci, kuma dunduniyar na mata ta fi matsewa. Ƙafar da ta girma cikin silifa da takalmin fata buɗaɗɗe takan baje, sai ka ga tsawo ya yi daidai amma ɗan ƙaramin yatsa yana ƙuna bayan awa guda. A gwada da yamma lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da safar da za a riƙa sakawa, a bar sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba. Layin mata kuma yakan ƙare a wajen 44, mai babbar ƙafa sai ya nemi wanda aka yi wa maza ko na kowa da kowa.

Idan gwanjo ne, a danna tsakiyar soson ƙasan da babban yatsa, a lanƙwasa takalmin. Soson da aka yi da roba nau'in foliyuretan yana shan danshin iska a hankali, bayan wasu shekaru a ajiye sai ya fara rugujewa kamar busasshen burodi, ko da saman yana sheƙi kamar sabo. In ka ga yana tsattsagewa ko yana barin gari a hannu, ka ajiye shi, babu mai gyaran da zai iya ceto shi. A duba bakin gam ɗin da ya haɗa sama da ƙasa, a kuma haɗa ƙafa biyun a rana a gani, domin wanda aka daɗe da shanyawa a gaban shago yakan fi ɗan'uwansa kodewa.

Wajen haɗawa da kaya, ruwan hoda mai duhu-duhu, wanda ya karkata zuwa ƙasa-ƙasa, ya fi sauƙi, kuma ya fi ɓoye ƙura. Yana tafiya da toka-toka, fari, baƙi, shuɗi mai duhu da kakin soja. Mai ƙyalli sosai na filin wasa ne, a kan titi yana cinye duk sauran kayan. A bar takalmin ya zama shi kaɗai ne mai launi a jiki. Da kaftani ma yana shiga idan wandon bai yi tsawon da zai rufe shi yana jan ƙasa ba. Sabon jins mai duhu yana zubar da shuni a wuyan takalmi mai haske, kuma wannan tabo da ƙyar yake fita, don haka a wanke wandon sau biyu ko uku tukuna, ko a naɗe ƙafarsa.

Abokan gabansa a nan su ne jar ƙasa, ƙurar hunturu da rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne a tsoma takalmi mai ƙura cikin ruwa kai tsaye, ƙurar ta zama laka ta shige cikin zaren, launin ya koma ruwan ƙasa har abada. A bari ya bushe, a cire igiya da shimfiɗar ciki, a kakkaɓe da busasshen buroshi mai laushi. Sannan a zuba ƙaramin cokali ɗaya na sabulun ruwa a rabin lita na ruwa mai ɗumi, a riƙa tsoma buroshin ana gogewa kaɗan-kaɗan, ana share kumfar da farin tsumma mai danshi. Bilic yana cinye launin ya bar dabbare-dabbare. Omo mai yawa da ba a ɗauraye ba shi ke barin rawayan zobe idan ya bushe. A cusa farar takarda a ciki, ba jarida ba domin tawadarta tana fita, a ajiye a inuwa mai iska har kwana guda. Rana tana kodar da rini mai ja da sauri, zafinta kuma yana sassauta gam. Idan saman fata ce mai gashi-gashi, wadda ake kira suwed, ruwa ba nata ba ne sam: buroshi da abin goge fensir mai tsabta sun isa, da feshin kariya daga ruwa tun takalmin yana sabo.

Mai hawa babur ya sani cewa giya za ta zana baƙin layi a saman ƙafar hagu cikin mako guda, sai dai ya sa ɗan ƙyalle ko robar kariya a wurin. Wanda kuma ke cirewa sau biyar a rana don alwala da shiga masallaci, kada ya saba da take dunduniyar takalmin yana jan sa kamar silifa, domin taurin da ke bayan yana karyewa kuma ba ya komawa. Ya sassauta igiyar sosai, ko ya sa igiyar roba mai miƙewa, ya kuma bari ƙafa ta bushe kafin ya mayar da safa, don danshin da ke taruwa a ciki shi ke kawo wari da baƙin tabo a bakin yadin.